Rigar da Allura Ya Ɗinka wa Kansa

Ƙawata, ran nan da muka biya ta shagon autana, kin tambaye ni dalilin da ya sa aka rataye wata riga rawaya a jikin ƙusa, sama da keken ɗinki, alhali ba ta sayarwa ba ce, ba kuma mai zuwa karɓa. Na ce miki sai mun zauna. To ga shi na rubuta miki, don in na tsaya faɗa da baki, dariya ba za ta bar ni in kai ƙarshe ba.

Kin san autan nawa tela ne. 'Yan layinsu suna kiransa Allura, don siriri ne, dogo, ga shi ba ya zama wuri ɗaya. Yaro ne mai kirki, ba ya wasa da salla, ba ya cin yadin mutane, ɗinkinsa kuma ba ya farkewa. Aibinsa ɗaya ne: yana so a gan shi. In zai yi abu, sai duniya ta ji tun kafin ya fara. In kuma ya ce zai yi, da wuya ki ji ya ƙara da "in Allah ya yarda". Na yi faɗan har na gaji.

Maganar gudu ta samo asali ne daga ƙanena, kawunsa ke nan, direban babbar mota. Likita ne ya auna shi ya ce jininsa ya hau, ko ya rage tumbi ko tumbi ya rage shi. Sai ya fara fita sassarfa bayan sallar asuba. Allura ya bi shi ranar farko don kawai ya samu abin dariya, har ya sa masa suna Tirela, wai saboda yadda yake huci a kan hawa. Ashe ƙafar gudu tana wurin yaron bai sani ba. Kafin wani lokaci ya zama shi ne ke zuwa buga wa kawun ƙofa. Wata tsohuwar singileti yake sawa, fara ce a da, ta koma kalar toka, ta yi laushi kamar auduga saboda wanki, da wani gajeren wando da ya koɗe. A cikinsu ya koyi gudu, a cikinsu ya yi duk wahalarsa.

Ana nan sai aka lilliƙa takardu a bangon titi, za a yi gudun famfalaki na kilomita arba'in da biyu, kowa na iya shiga. Duk wanda ya kai ƙarshe da ƙafarsa za a rataya masa lambar yabo. Amma akwai sharaɗi. Titi a rufe yake har zuwa tsakar rana, daga nan za a buɗe wa motoci. Akwai kuma wata doguwar mota da ke bin bayan 'yan gudu a hankali, duk wanda ta cim masa, ta gama masa tsere, sai ya hau.

Su biyun suka ba da sunansu. Kawu ya dawo gida ya yi shiru da bakinsa. Allura kuwa, ranar ma bai yi ɗinki ba. Ya ari guduma ya kafa ƙusa a bangon shago, daidai inda mai shigowa zai fara kai ido. Maƙwabcinsa mai aski, wanda bakinsa ya fi askarsa kaifi, ya leƙo.

"Tela, me za a rataya?"

"Lambar yabo."

"Ina take?"

"Tana wurinsu, suna ajiye mini."

"To in motar nan ta baya ta ɗauko ka fa?"

"Wace? Motar kwasar shara?" in ji Allura. "In ka gan ni a cikinta, ka aske mini rabin kai, in yi mako guda a haka a bakin shagon nan."

Mai aski ya juya ga masu jiran layi. "Jama'a, kun dai ji da kunnenku. Ni ban roƙe shi ba."

Kin ga yanzu magana ta fita daga wasa. Duk layin, daga mai gyaran waya har mai wankin mota, kowa ya san ƙusar nan, kowa yana jiran ranar.

Ana gobe tsere, da la'asar, na je shagon kai masa saƙo, na tarar keke yana ta ruri. Ba kayan kowa yake ɗinkawa ba. Ya samo wani yadi rawaya mai santsi da ƙyalli, irin wanda ake yi wa kwat shafi, ya yanka riga da gajeren wando daidai jikinsa, cif-cif. A ƙirji ya yi surfanin wata ƙatuwar allura da baƙin zare. Don aikin ya tsaya kyam, ya liƙa wani ƙyalle mai tauri ta ciki. Bakin wandon kuwa ya kalmashe shi da ɗinki biyu, wai kada ya farke a idon jama'a. Ya ɗaga mini bayan rigar.

"Umma, karanta."

Na karanta a hankali: SAI DAI KU GA BAYANA. A ƙasa kuma ga sunan shago.

"Auta," na ce, "ko a ƙara 'in Allah ya yarda' a ƙasa?"

"Ba wuri, Umma. Zai ɓata tsarin."

Muna cikin haka sai ga kawunsa ya shigo da lambobin da za su maƙala a ƙirji. Ya ɗauki rigar, bai dubi gabanta ba, sai ya juya cikinta ya shafa da bayan hannu.

"Wannan ta wa ce?"

"Tawa ce. Gobe za ta sha iska."

"Ka taɓa gudu a cikinta?"

"Yanzu ta sauka daga keke, Kawu."

"To ajiye ta ranar biki. Ni direba ne, ba na sa sabuwar taya in kama doguwar hanya ban zagaya gari da ita ba. Ranar tsere ba a sa abin da bai taɓa shan guminka ba. Ina tsohuwar singiletinka?"

"Na ba matata ta yayyaga, mu riƙa goge man keke."

Kawu ya dube ni. "Yaya, ki yi masa magana. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Allura ya yi dariya. "Haba Kawu, ku bar wa tela maganar tufafi. Gari guda zai fito, ga masu ɗaukar hoto, sai a ga tela cikin tsumma? Wa zai ƙara kawo mini ɗinki? Kai dai Tirela, ka kula da hawa."

Kawu ya ciro ƙaramin gwangwanin basilin daga aljihu. "To ko wannan ka shafa a ƙirji da cinyoyi."

"Ya ɓata mini yadi da maiƙo? A'a, na gode."

Washegari muka yi sammako ni da surukata, matar Allura. Ƙawata, ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Titi ya cika maƙil, maza da mata, tsofaffi da samari, fari da baƙi, kowa da lamba a ƙirji, wannan yana tsalle, wancan yana miƙa ƙafa a jikin fitilar titi. Lasifika tana ta kiɗa, wani mutum yana ta ihu a cikinta. A cikin dubban mutanen nan, ba sai an nuna miki Allura ba. Yana ƙyalli kamar an kunna shi. Kawu kuwa yana can baya cikin tsohuwar rigarsa, yana ta shafe hammata da basilin ba ko kunya.

Aka busa ƙaho. Ƙasa ta ɗauki rawa. Dubban ƙafafu suka tashi lokaci guda, sai ki ce ruwan sama ne ya sauka a kan kwano. Na tsinci kaina ina ɗaga mayafi ina cewa, "Allah ya tsare! Allah ya kai ku lafiya!" Surukata kuwa har da tsalle.

Daga nan muka bi ayari zuwa filin da za a ƙare, inda aka kafa wani ƙaton allo da ke nuna 'yan gudu. Abin da ya faru a kan hanya, Allura ne ya ba ni labarinsa daga baya, ina shafa masa magani.

Ya ce kilomitocin farko bai san yana taka ƙasa ba. Iskar safe tana kaɗa shi, mutane a gefen titi suna tafi, yara suna miƙo hannu a tafa, ana ta ihu, "Mai rawaya! Mai rawaya!" Duk wanda ya wuce, ya san yana karanta bayansa. Sai ya hango babur ɗin mai ɗaukar hoto a can gaba, tare da gwanayen da gudun ne sana'arsu. Ya san tafiyar da ya saba yi, ya san wannan ta fi ƙarfinsa. Amma me amfanin riga in ba a ɗauke ta ba? Sai ya ƙara wuta.

Kuma an ɗauke shi! Muna tsaye sai ga autana ya cika allon nan, haƙora a waje, har yana ɗan juya baya don rubutun ya fito. Surukata ta ƙwalla ƙara, "Mama, ga shi! Mijina ne! Wallahi mijina ne!" Mutanen da ke kusa suka shiga taya mu murna. Wata mata ta rungume ni. Ba zan ɓoye miki ba, ni ma kaina ya kumbura.

To rana ta fara ɗagawa, gumi ya fara zuba. Nan yadin ya nuna halinsa. Tsohuwar singileti shan gumi take yi, iska ta busar. Wannan kuwa ba ya sha, sai ya manne masa a jiki kamar leda. Ƙyallen nan mai tauri da ƙulle-ƙullen zaren surfani suka shiga gugar ƙirjinsa, taku ɗaya, guga ɗaya. Kalmasar wandon nan mai ɗinki biyu ta kama cinyoyinsa ta ciki kamar zarto. Da farko ya ce ƙaiƙayi ne. Can ya zama zafi. Da ya kai wurin da ake miƙa ruwa, ya ɗauki kofi ya kwara a ƙirji don ya ji sanyi. Ya ce, "Umma, sai na ji kamar an zuba mini barkono." Ya duba, sai ga layi biyu ja sun gangaro a kan rawayar nan, hagu da dama na allurar.

Ga kuma bashin saurin da ya ci da safe, ƙafafu sun zo karɓa. Kafin ya kai rabi, waɗanda ya wuce suka fara wuce shi ɗaya bayan ɗaya. Wani dattijo mai furfura ya zo daidai shi, ya ce, "Samari, mun ga bayan, mun gode. Yanzu bari mu ga gaban." Wata mata mai gudu da tabarau ta ce, "Sannu tela, Allah ya sawwaƙe." Ya ce tausayin nan ya fi ba'ar ciwo.

Ya koma gudu yana wawware ƙafafu kamar mai tsallake kwata, hannu ɗaya yana riƙe da gaban riga don kada ta taɓa fata. Allunan kilomita da suke wucewa kamar walƙiya da safe, yanzu sai ya yi ta tafiya bai ga na gaba ba. Bayan ya wuce na talatin, a gindin wata gada mai hawa, sai ya ji wani huci a bayansa, fuu, fuu, wanda ko cikin barci ya san mai shi.

"Tirela ta iso," in ji Kawu. "A ba ta hanya."

Da ya ga gaban rigar sai dariyar ta ɗauke. Ya rage tafiya ya jera da shi.

"Subhanallahi. Cire ta yanzu. Ga basilin, ga kuma rigata, akwai singileti a ƙasanta. Wandon ma ka nannaɗe bakinsa sama. In muka tafi a hankali tare, za mu shiga kafin a buɗe titi."

Ƙawata, a nan ne Allah ya buɗe masa ƙofa. Ya ce har ya kai hannu wuyan rigar. Sai ya ɗaga kai ya ga mutane cike a kan gadar, kowa da waya a hannu yana ɗauka. Ya tuna an nuna shi a allo. Ya tuna sunan shago a bayansa. A ce tela ya tuɓe ɗinkinsa a tsakiyar titi, ya sa tsumman direba?

"Ka je, Kawu. Ina tafe."

"Ɗana, girman kai ba ya hawa gada."

"Na ce ina tafe."

Kawu ya tura masa gwangwanin a hannu, ya sa giyarsa ta ɗaya, ya kama hawa. Allura ya jira sai da ya wuce idon jama'a kafin ya buɗe gwangwanin, amma a lokacin fata ta riga ta saɓule, man ma kansa wuta ne. Gudu ya koma tafiya. Tafiya ta koma jan ƙafa. Tafin gefen titi ya ragu, masu miƙa ruwa sun fara naɗe teburansu. Sai ya ji ƙarar inji a bayansa, a hankali, ba gaggawa. Bai waiwaya ba. Ya yi ƙoƙarin tashi da gudu, cinyoyi suka ce ba su san zancen ba. Motar ta jera da shi, ƙofa ta buɗe, wani ma'aikaci ya leƙo.

"Mai rawaya, bismilla. Akwai wuri a gaba."

Ya ce daga inda yake yana iya jiyo lasifikar filin. Ya tsaya ya saurara kaɗan. Sannan ya hau.

Mu kuwa muna can bakin layin ƙarshe, wuya ya ƙage don leƙe. Gwanaye sun shigo tun tuni. Sai talakawan gudu suka yi ta shigowa, wani yana kuka, wani yana sujada, wani yana ɗaga hannu sama kamar shi ya zo na ɗaya. Kowa ya shigo sai filin ya ɗauki sowa. Duk rawayar da na hango sai in miƙe, sai in ga ba shi ba ne. Na ja carbi har yatsuna suka gaji. Mai lasifika ya fara cewa saura kaɗan a rufe. Sai surukata ta finciki hannuna.

"Mama! Kawu! Ga Kawu can!"

Ga ƙanena nan tafe, tumbi yana rawa, fuska kamar an tsoma a ruwa, yana taku ɗaya-ɗaya kamar yadda ya fara da safe. Ƙawata, na manta shekaruna. "Taho, ɗan'uwana! Taho, Tirela!" Mutanen da ba su san shi ba suka ɗauka, "Tirela! Tirela!" Ya taka layin, aka rataya masa lambar yabo, ya durƙusa ya yi godiya ga Allah. Da numfashinsa ya dawo sai na ce, "Ina autana?"

Ya sunkuyar da kai. "Yaya, lafiyarsa ƙalau. Amma ba ta nan zai shigo ba."

Muka zagaya bayan filin. Motar ta tsaya, mutane suka yi ta saukowa, wasu ma suna dariya suna cewa baɗi ma rana ce. Shi ne na ƙarshe. Ya sauko yana tattale ƙafafu, gaban riga jina-jina, idonsa a ƙasa. Na cire mayafina na lulluɓa masa a kafaɗa, ya rufe rubutun nan na baya. Sai a lokacin ya fashe da kuka kamar ranar da na fara kai shi makaranta.

Da ya samu ya iya sa wando, ya koma shago. Mai aski yana zaune a bakin ƙofa yana wasa aska, layin duk an fito.

"Tela, barka da hanya. An ce motar akwai sanyi?"

Allura ya wuce kai tsaye ya zauna a kan kujerar aski. "Alkawari ne. Wane ɓangaren kake so?"

Mai aski ya aske masa rabin kai tas, ana ta shewa. Ya tsaya ya dubi aikinsa, ya dubi fuskar yaron a madubi, sai ya ce, "Kai, ba zan bari a ce wannan askin daga shagona ya fito ba." Ya ƙarasa ɗaya rabin.

Da yamma kawunsa ya zo da lambarsa, ya ce a rataya a ƙusar, ai gida ɗaya ne. Allura ya ce, "A'a, Kawu. Wannan guminka ne. Ƙusar nan tana da abin da ya dace da ita." Ya ɗauko rigar rawaya, an wanke ta amma tabon bai fita duka ba, ya rataye ta da hannunsa. Da ya koma gida kuma, matarsa ta buɗe akwati ta miƙo masa tsohuwar singiletinsa a ninke. Ashe ba ta yayyaga ba. Ta ce, "Na ga ta yi maka wahala da yawa, ban iya sa mata almakashi ba."

To ƙawata, darasin a fili yake, gare ni da ke da 'ya'yanmu. Yaron nan ba ƙarfi ya rasa ba, ba kuma shiri ba. Son a gan shi ne ya sa ya yar da abin da ya gwada ya sani, ya ɗauki abin da ke ƙyalli, sannan da aka miƙo masa mafita a tsakiyar hanya, kunyar idon mutane ta hana shi karɓa. Idon mutane ba ya kai kowa ƙarshen tafiya. Kada mu raina tsohon abin da ya ɗauke mu a ranar wahala, kada mu raina shawarar wanda ya riga mu taka hanya, kuma kada mu kafa ƙusa kafin Allah ya ba mu abin ratayawa. Yanzu haka kullum bayan asuba yana fita da kawunsa cikin singiletin nan mai kalar toka, kuma ya sake ba da sunansa a tseren baɗi. Da ya gaya mini, da kansa ya ce "in Allah ya yarda", ban tuna masa ba. Amma ko mai aski bai sani ba, don haka ki rufa mini asiri, ki bar maganar nan tsakanina da ke, kada ki gaya wa kowa.